Saura Hoto Ɗaya

Da ɓarna suka fara. Tana ɗakin duhu na wanke hotuna a shagon mahaifinta, ta zaro fim daga kyamara ke nan, sai wani saurayi ya banko ƙofa yana neman batir. Haske ya shiga, hotuna talatin da shida suka ƙone.

"Malam, ba ka ga jar fitila a saman ƙofa ba?"

"Yi haƙuri, ai sai a sake ɗauka."

Mai hoton dijital ne, mai danna ɗari ya goge casa'in. Ta laƙaba masa Mai Goge-goge. Ya dawo ba da haƙuri, ya sake dawowa, har haƙurin ya ƙare zuwan bai ƙare ba. Ita ma dai ta kamu.

Da maganar aure ta taso, Baba ya ce sam. "Wanda ya saba gogewa, ranar da kika ɓata masa rai fa? Ga ɗan abokina nan yana jira."

Da kukanta ya ishe shi, ya miƙa wa saurayin tsohuwar kyamararsa. "Saura hoto ɗaya a ciki. Ka ɗauko abin da zan gani in ba ka 'yata. In ka ɓata, kar ka dawo."

Mako uku shiru. Ta tsorata, ta tura masa saƙo: "Mai Goge-goge, ko ni ma an goge ni ne?"

"Haba sanyin idona. Yatsana ne ya ƙi dannawa. Ban taɓa jin tsoron kyamara ba sai yanzu."

Ranar da ya kawo, ita ta wanke fim ɗin. Ta zaci fuskarta za ta gani. Sai ga ƙofar ɗakin duhu a rufe, fitila a kunne, takalmanta a bakin ƙofa. Ashe ya zo wani yammaci tana aiki, ya tsaya a waje, ya tafi bai ƙwanƙwasa ba.

Baba ya daɗe yana kallon hoton.

"Hasken bai yi ba," ya ce. "Amma ya koyi jira. Ce masa ya turo manyansa."

Ranar ɗaurin aure abokan ango suka ɗauki hoto dubu. Baba ya ɗauki ɗaya tak, ya sa musu albarka, ya miƙa wa surukinsa mukullin shagon.

"Allah Ya ba ku zaman lafiya. In fitila na kunne, ka dai sani."