Haƙoran Eligio a Wuyan Garaya

"Kurma ne, Baffa! Wallahi kurma ne!"

Gwangwanin da ke hannun Malama Zunilda ya suɓuce ya faɗi. Yara talatin na aji uku suka yi tsit, kowa riƙe da 'yar garayarsa ta gwangwanin madara da zaren kamun kifi. Yanzu-yanzun nan take nuna musu yadda tsirkiya ke karkarwa kafin ta ba da sauti, ga ƙwayoyin shinkafa na tsalle a kan gwangwanayen.

A bakin ƙofa Porfiria ce ke ihun, 'yar baffanta, mai baki kamar reza, ta janyo Don Cirilo, mahaifin Zunilda, tun daga shagonsa na sassaƙa garaya. Kowa a garin Luque ya san sharaɗin tsohon: ba mai auren 'yarsa sai wanda zai gaji shagon, ya saita tsirkiya talatin da shida na babbar garayar ƙasarsu da kunnensa.

Eligio, almajirin sana'arsa kuma saurayin Zunilda, yana durƙushe yana ɗaure wa wata yarinya zare. Ko waiwaye bai yi ba.

"Eligio..." Zunilda ta kira.

Shiru.

"ELIGIO!"

Sai da yarinyar ta taɓa kafaɗarsa ya juyo, da murmushinsa.

Zunilda ta juya ta dubi Porfiria.

"Tun zazzaɓin bara," in ji Porfiria, har da gyara tsayuwa. "Ni ya ƙi ni, to ga abin da kika samu. Laɓɓanki yake karantawa, shashasha!"

"Ƙarya ne," in ji Don Cirilo. "Jiya ya saita garaya biyu a gabana. Har sumbatar wuyansu yake, don ladabi."

Eligio ya dubi bakin tsohon, ya sunkuyar da kai.

"Ba sumba ba ce, Maigida. Cizo ne. In na kafa haƙora a itacen, karkarwar na shiga har ƙashin kaina."

Tsohon ya fizgi garayar wani yaro, ya sassauta zaren, ya miƙa masa a fusace. Eligio ya ciji wuyan garayar, ya kaɗa, ya murɗa, ya sake kaɗawa. Sauti ya fito tas. Yara suka ɗauki tafi, rabinsu har sun fara cizon nasu.

Don Cirilo ya karɓi garayar, ya kaɗa ta da kansa.

"Shekara arba'in ina sana'ar nan... Shago dai naka ne. Ita kuwa, sai ka tambaye ta."

Zunilda kuka take, kukan baƙin ciki sosai.

"Wata tara, Eligio! Duk abin da na raɗa maka a kunne... ko ɗaya ba ka ji ba?"

"Ko ɗaya, ruhina. Na ji tsoron ki tafi."

"Ka bar ni ina zuba kamar mahaukaciya!"

"Ɗumin numfashinki nake ji. Da shi nake ta maneji."

Ta yi niyyar marinsa, har ta ɗaga hannu. Sai ta kamo nasa hannun, mai kaushi da ƙamshin itace, ta ɗora yatsunsa a maƙogwaronta. A gaban mahaifinta, a gaban Porfiria da ta daskare, ta ce, "Ina sonka. Zan aure ka."

Karkarwar maganar ta shiga yatsunsa. Hawaye suka zubo masa.

"Zunilda... don Allah sake faɗa."