Jar Waya a Hawa na Tara

Akwai wani mai gyaran lifta da kowa ke kira Ya Danganta. Ba iyayensa suka raɗa masa ba, bakinsa ne ya jawo masa. In ka tambaye shi ko liftar za ta gyaru yau, ya danganta. In matarsa ta ce ƙarya yake yi, ya danganta da abin da take kira ƙarya. Ya taɓa leƙa jami'a na shekara guda, ya dawo da ilimi ɗaya tak, wato babu abu mai kyau ko mummuna a duniya, mutane ne kawai ke ja layi inda ya yi musu daɗi. Wannan karatu kuwa bai fi son bayar da shi ba sai in yana kan rufin lifta, cikin dogon ramin nan mai duhu, inda muryarsa ke amsa kuwwa kamar ta babban malami. Tsohon mai gadin wani bene mai hawa tara ne ɗalibinsa, kuma rabin karatun a gyangyaɗi yake ɗaukarsa.

A ƙofar kowace lifta akwai ɗan makunni da ke hana ta motsi sai ƙofar ta rufe ruf. Na wannan benen ya lalace, sabo kuma sai an jira sati biyu. Ya Danganta ya yanko jar waya, tsawon ɗan yatsa, ya haɗa bakin nan da wancan, liftar ta ɗauka kullum ƙofa a rufe take. Masu sana'ar kan yi haka na minti goma, suna tsaye suna kallo. Shi ya bar ta kwana goma sha ɗaya.

A rana ta goma sha ɗayan, Inna mai shara ta turo bokitinta za ta shiga. Ƙafa ɗaya na ciki, ɗaya na waje, wani a sama ya danna. Ƙafar ta karye wuri biyu. Kafin motar asibiti ta bar ƙofar, jar wayar ta koma aljihunsa. A takardar rahoto ya rubuta cewa tsohuwa ce ba ta kula ba, manaja ya sa hannu, aka sallame ta daga aiki. Da matarsa ta ce, "Baban yara, ko duba ta ba za ka je ba?" sai ya ce mata magana ce mai fuska da yawa.

Bayan wata guda, wata rana da magariba ta kawo kai, ya tuna ya bar filayarsa a ɗakin inji, can saman benen. Gobe da sassafe yana da aiki a wani wuri, don haka ya biya ya ɗauko. Ma'aikata duk sun tashi. Mai gadi ya tafi sayen batir, rediyonsa na kan kujera yana ta shuuu shi kaɗai.

Ya danna, ƙofa ta buɗe, ya shiga.

Akwai wani a ciki. Ɗan gajeren tsoho ne a lungu, da shuɗiyar rigar ma'aikata wadda giris ya cinye launinta. Ya Danganta ya ɗauka sabon mai shara ne. Ya ce, "Sannu, Baba." Tsohon ya amsa da ladabi, kansa a ƙasa.

Liftar ta tashi. Hawa na ɗaya. Na biyu.

Wari ya fara taso masa, na tsohon giris da ƙonanniyar waya. Ya san warin sarai, amma na cikin rami ne, ba ya shigowa nan. Ya dubi madubin da ke bango don ya gyara wuyan rigarsa. Ya ga kansa. Ya ga jakarsa. Ya ga lungun, babu kowa.

Ya juyo. Tsohon na nan, yana murmushi.

"Malam, ashe yau zan gan ka ido da ido," in ji tsohon, a hankali. "Ɗalibinka ne ni."

Cikin ladabi ya yi masa bayani. Shi a ramin yake zaune, tun kafin a sa wa benen tagogi. Manyansu na aljanu ne suka ajiye shi a nan, suka ce ya riƙa tallafar igiyar ƙarfen in ta gaji, domin sakin ɗan Adam daga sama mugun abu ne. Shekara talatin yana riƙo, hannuwansa duk kanta. Bai taɓa tambayar dalili ba sai da Allah ya kawo masa malami.

Hawa na shida. Na bakwai. Ya Danganta ya danna maɓallin tsayawa. Ya sake dannawa. Maɓallin ya nutse kamar ya danna ɗanyen nama.

A hawa na tara ta tsaya. Ƙofa ba ta buɗe ba. Fanka ta mutu. Daga sama aka ji wani ɗan sauti, tin, irin na silin igiya guda in ya tsinke.

"Na gaji da riƙo, Malam. Tunda ka ce layin mutane ne suka ja, na ce bari in saki in gani."

Ya Danganta ya manne da bango. Ya ce yana da 'ya'ya huɗu. Tsohon ya jinjina kai, ya ce lallai a wurinsu abin ba zai yi daɗi ba, amma a wurin mai gyaran liftar da za a ɗauka a madadinsa ai alheri ne, shi ma da nasa 'ya'yan. Ya Danganta ya ce kisan kai ne. Tsohon ya ce a wurin mutane ke nan, su a wurinsu sauke kaya ne. Kowace ƙofa ya nufa sai ya tarar shi da kansa ya toshe ta tun bara, da kalmominsa, har da irin tarin da yake yi kafin ya faɗe su.

Tin.

Liftar ta ɗan zauna, kamar raƙumi zai durƙusa.

"Ranka ya daɗe," in ji Ya Danganta, muryar ba tasa ba, "wannan ba daidai ba ne."

"A wurin wa?"

"A wurin kowa."

"To, na Inna fa?"

Tsohon ya buɗe tafin hannunsa. Jar waya ce, tsawon ɗan yatsa, bakinta biyu a fiƙe. Ya Danganta ya tuna ya jefa ta a kwata da hannunsa.

"Ina ƙasa ranar. Na ji ƙarar ƙashin. Na so in ce mummuna ne, sai na ji ka ce wa mai gadi magana ce mai fuska da yawa. Nuna mini fuska ɗaya mai kyau, in saki igiyar da kwanciyar rai."

Ya nema. Wallahi ya nema. Mutumin da bai taɓa rasa amsa ba ya laluba ko'ina a kansa, bai samo komai ba sai takalmin roba na Inna, ƙafa ɗaya, kife a bakin ƙofa, da yadda ya tsallake shi ya je ya cire wayar.

Tsoro ne ya kama shi da farko. Yanzu wani abu ne daban, mai zafi, daga wuya zuwa kunnuwa. Ya kasa duban tsohon. Ya kasa duban madubin.

"Babu," ya ce. "Mummuna ne. Ni na yi. Na san mummuna ne tun ina yi."



"Kash," in ji tsohon. "Ashe Malam bai yarda da karatunsa ba."

Fitila ta ɗauke.

Liftar ta faɗi.

 Iska na kuka a ramin. Takwas, bakwai, biyar, ya daina ƙirga. Sai birki ya cafke da wata ƙara, ƙarfe na cin ƙarfe, tartsatsi na shigowa ta ƙasan ƙofa.

Ta tsaya tsakanin hawa na ɗaya da ƙasa. Ƙofar ta buɗe kaɗan, iya faɗin kafaɗa.

Ya kutsa da rarrafe. Kai ya fita. Ƙirji ya fita. Ƙafa ɗaya na waje, ɗaya na ciki, ya ji injin ya yi ajiyar zuciya.

Ya fizge.

Liftar ta wuce da takalminsa.

Mai gadi ya dawo ya same shi zaune a ƙasa, ƙafa ɗaya da safa, daidai tayil ɗin da Inna ta kwanta. Ya tambaye shi lafiya. Karo na farko tun da suka san juna, bai ce ya danganta ba.

Washegari ya je ofishin manaja ya sake rubuta rahoton, a tsaye, sakatariya na ji. Aka karɓe masa aikin benen. Da aka aiko wani ya duba igiyar, ya ce lafiyarta ƙalau, ko sili ɗaya bai tsinke ba. A ɗakin inji kuwa an sami filaya da takalmi ƙafa ɗaya, an ɗaure su tare da jar waya.

Matarsa ce ta raka shi gidan Inna, don ya kasa zuwa shi kaɗai. Suka same ta a kan tabarma, ƙafa a miƙe, sanduna biyu jingine da bango. Ya durƙusa ya faɗi komai, idonsa a kan siminti. Inna ta bari ya gama. Ta ce ai ta ga jar wayar tun tana kwance a ƙasa, ta ga hannun da ya cire ta, amma wa zai saurari mai shara?

"Inna," ya ce, "za ki iya yafe mini?"

Ta daɗe tana kallon ƙafarta. Sannan ta dube shi, ba fushi, ba murmushi.

"Ya danganta, ɗana."

Har yau yana zuwa duk ƙarshen mako, ya ɗebo mata ruwa, ya kai ta asibiti. Bai sake tambaya ba. Sunan kuma bai bar shi ba, sai dai yanzu in an kira shi da shi, ƙasa yake dubawa kafin ya amsa.