Baftisma a Rafin Challawa

Ranar da Iliya ya fara ganinta, tana tsugune a bakin rafin da ke bayan kamfanin jimar da yake aiki a Challawa, tana cika kwalba. Ruwan shuɗi-shuɗi ne, yana kumfa, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ya ce mata kar ta taɓa, yana cin fata.

Ta ɗago, ta ƙare masa kallo daga takalmin roba har hula. "Wa ke buɗe bututun nan?"

"Ni ne."

"To ka zo coci ran Lahadi. Ajina na da sauran benci."

Malama Tabita ce, mai koyarwa a firamare a Kumbotso, ita ce kuma ke taya fasto da ajin masu shirin baftisma. Iliya ya je don idanunta, ya tarar da kwalbar a kan tebur. Ta gaya wa ajin cewa a rafin nan aka yi wa mahaifiyarta baftisma, yau kuwa a tankin siminti ake yi, don ko akuya ba ta shan ruwan. Allah ya ba mu lambu mu kiyaye, in ji ta, bai ce mu jeme shi ba.

Sati uku bayan haka ya cusa mata wasiƙa cikin jaka.

"Malamata, tun da na shiga ajinki hannuna ke nauyi a kan ƙarfen buɗe bututun nan. Ban san ko tsoron Allah ba ne ko naki. Ina sonki. Ɗalibinki daƙiƙi, Iliya."

Amsar gajeruwa ce. "Daƙiƙina, ni ma haka. Amma ba zan ci tuwon da aka saya da ciwon ƙafar masu lambun da ke ban ruwa da rafin nan ba."

Matsalar ita ce mahaifinta, Baba Sulemanu, dattijon ikilisiya, shi ne foman ɗin da ke ba Iliya umarnin buɗe bututun. Da Iliya ya ƙi buɗewa, ya kuma ce a fara yashe tsofaffin ramukan tace ruwa da laka ta cike, sai aka mai da shi sashen kankare gashi, inda wari ya fi. Baba ya rantse ba zai ba mai taurin kai 'yarsa ba, ga Ayuba akawun kamfanin, yaro mai jin magana, shi ma yana neman ta. Ayuban ma ya kai wa Tabita labarin wai Iliya ya koma buɗewa a ɓoye. Ta je ta ga tafin hannun Iliya duk tokar kankare gashi ta cinye, ta dawo ta sallami akawu.

A ikilisiyarsu ba a ɗaura aure sai da baftisma, kuma dattijo ne ke fara shiga ruwan ya riƙe hannun mai karɓa. Da fasto ya karanta sunayen, Iliya ya miƙe a gaban jama'a ya ce shi ba ya son tanki. A rafi za a yi masa, ƙasa da bututu, kuma Baba Sulemanu yake roƙo ya shigar da shi.

Baba Sulemanu ya juyo ya dube shi.

"Yaro, kana so ka kashe ni ne?"

"A'a, Baba. Ku ne kuka ce wa manaja ruwan ba ya komai."

A gida Baba ya yi faɗa har muryarsa ta dushe. Tabita ta durƙusa ta ce ba ta taɓa saɓa masa ba, amma shi ya koya mata kar ta faɗi abin da ba za ta iya tsayawa a kai ba.

Ran Litinin aka ga foman da shebur a cikin rami na farko, laka har gwiwa, ma'aikata ashirin a bayansa, har da wani mai lambu a bakin rafin, Labaran, da maƙwabtansa. Wata biyu suka yi. Rafin bai koma kamar da ba, akwai wasu kamfanoni a gefensa, amma kumfar ta ɗauke.

Ranar baftisma, Baba ya shiga ruwan da wandonsa a naɗe, ya miƙo hannu.

Ranar auren, bayan Watan Azumi na Kirista, Baba ya dafa kawunansu biyu. "Ubangiji ya ba ku 'ya'ya masu taurin kai irin naku. Ku ma ku ɗanɗana."

Jama'a suka ce amin cikin dariya, Tabita ta fi kowa ɗaga murya.