Babban Madubin Lorne Pasloski

An tafi hutu na biyu a wasan hokin kan ƙanƙara na ranar Asabar da yamma, mutane sun yi layin kofi da soyayyen dankali, sai aka ji Lorne Pasloski yana ɗaga murya daga kusurwar filin ƙanƙara.

"Babu shi! An ɗauke!"

Jakarsa tana ƙasa a buɗe. Kyamara tana rataye a wuyansa, gabanta fayau, ba madubi.

Duk garin Melfort an san madubin kyamarar nan. Dogo ne, irin mai jawo nesa kusa, nauyinsa kamar bulo. Da shi Lorne ya tsufa yana ɗaukar hoton ƙungiyar garin, ta 'yar tagar da aka huda a bangon gilashi don masu hoto. Kullum madubin yana cikin jar safar ulu da marigayiya matarsa ta saƙa saboda sanyi. Ba ya barin kowa ya taɓa.

Manajan filin, Wendell Kroeker, mutum ne mai gaggawa. Kafin Lorne ya rufe baki ya riga ya jawo ɗan sanda, Sajan Orest Hrycan, daga bakin ƙofa, inda yake tsaron wasan.

"Ina ka bar shi?" in ji Sajan.

"A jaka. Na cire na sa a jaka, na je bayi."

"Wa ka tarar da ka dawo?"

Lorne ya kalli ƙasa. "Ni dai ita na gani tsaye a kan jakar."

Ita ɗin Twyla Beaudry ce. Bana ta fara ɗaukar hoto wa jaridar garin, kuma da ƙyar aka ba ta katin tsayawa a ɗaya tagar. Wendell bai tambaye ta komai ba. Ya miƙa hannu.

"Ba ni katin, Twyla."

"Wendell, ranar Asabar mai zuwa ne wasan ƙarshe. In ba ni da taga, jarida za ta ba wani aikin."

"In madubi ya fito, kati ya dawo."

Ta cire shi daga wuya a gaban mutanen da ke layi.

Sajan ya kai ta ɗakin gwajin takalma ya rufe ƙofa.

"Me ya kai ki jakarsa?"

"Shi ya ce in zo."

"Lorne? Wanda ko ɗansa bai taɓa riƙe madubin nan ba?"

"Tambayi 'yan teburin kofi, abokan hirarsa. Tun da na fara aiki yake mini ba'a. Wai nawa madubin 'yan yawon buɗe ido ne, wai in je in ɗauki hoton furanni. Jiya na gaji. Na ce masa a gabansu, to, ina tunanin sayar da nawa in sayi irin naka, ara mini na zango ɗaya na wasa in gwada in ji ko kafaɗata za ta ɗauka. Suka yi ta masa dariya har ya ce to."

"Meye bambancin? Duk ba nesa suke jawowa ba?"

Ta ɗora nata a kan benci. Siriri ne.

"Nesa ɗaya suke jawowa. Nawa ba nauyi, sai in wuni da shi a hannu. Amma bakinsa ƙarami ne, ba ya shan haske sosai. Ka ga fitilun filin nan, kamar na kogo. In ɗan wasa ya sheƙa da gudu, hotona sai ya yi hazo. Nasa bakinsa da faɗi, yana tsayar da gudu cak, mutanen baya kuma su narke ba ka gane kowa. Sai dai nauyi da tsada."

"Wato kina son sa."

"Ina son irinsa, Orest. Ba nasa ba."

"Ina makullin motarki?"

Ta dube shi kawai. Tare suka yi makaranta da ƙanwarsa. Ta ciro makullin ta ajiye a benci, ba ta miƙa masa a hannu ba.

Ya bincike motar a filin ajiye motoci, masu shan taba suna kallo. Bargo, shebur na dusar ƙanƙara, kujerar jaririnta. Ba madubi. Wata mata ta ɗaga waya tana ɗauka. Sajan ya rufe but ɗin a hankali.

Saura mutum ɗaya da ke da hanya ta wannan kusurwa: Delbert Funk, mai tuƙa motar goge ƙanƙara. Sajan ya same shi yana zubar da ruwan tanki.

"Delbert, ina kake lokacin hutu?"

"Haba, Sajan. Gari guda na kallona ina zagaye kamar jakin niƙa. Ko ta cikin gilashi na miƙa hannu?"

"Daga saman motar kana ganin kusurwar?"

"Har mai cusa giya a aljihu ina gani. Ba zan faɗi suna ba."

"Wa ya je wurin jakar?"

"Yarinyar ta zo ta tsaya, hannunta a aljihu. Ba ta sunkuya ba. Kafin ita, tsohon ya tashi ya fita, ya rungume rigarsa kamar mai ciwon ciki."

"Bayi ya je."

"To bayin ya ƙaura. Bayi yana hagu. Shi dama ya yi, wajen ofis."

Sajan ya koma kusurwar. An ci gaba da wasa, Lorne yana zaune a kan kujerar ƙarfe, ba ya kallon fili. Sajan ya durƙusa ya zazzage jakar. Batura, tsumman goge gilashi, ƙwayar maganin ciwon gaɓoɓi, sai baƙin murfin roba a aljihun gefe.

"Wannan fa?"

"Murfin bakin madubin ne. In za ka sa madubi a taga dole ka cire. Nan nake sa shi tun kana tsallake katanga ka shigo kallo kyauta."

"Ka ce ka mayar da madubin jaka. Ba ka rufe masa baki ba?"

"Sauri nake."

Sajan ya lura da hannu biyu Lorne yake riƙe kofin kofinsa, na dama yana ƙasa, kuma ruwan yana rawa.

Ya ɗauki murfin ya koma wurin Twyla. Ya ɗora shi a bakin madubinta. Ya shiga daidai, har da ƙas.

Wendell, da ya biyo shi, ya tafa hannu. "Ka gani! Murfinta a jakarsa!"

Twyla ta sa hannu a aljihun wando ta ciro nata murfin ta ajiye kusa da shi. Biyu, girma ɗaya.

"Murfin babban zai shiga nan?" in ji Sajan.

"Ina! Zai faɗo ne kamar faranti a kan kofi," in ji Twyla.

Sajan ya fita zuwa baranda inda Wendell ke manna hotunan wasanni. Duk na Lorne ne. Ya fara daga na bara. Ɗan wasa ya fito tar, har ƙanƙarar da takalminsa ke fesawa, bayansa kuma launi ne kawai a cakuɗe. Ya matsa zuwa na bana. Sandar ɗan wasa ta yi hazo. A bayansa ga tallan kantin taya ana karantawa, ga wata 'yar kallo, Misis Thiessen, tana hamma a layin gaba.

Ya bi hanyar dama. Kafin ofis akwai babban akwatin kayan tsintuwa, cike da huluna da safar hannu da safar ulu da yara ke mantawa. Ya tura hannu har gwiwar hannu. Ya ji abu mai tauri. Jar safa ce. Ya ɗago ta da ƙarfin da ya shirya wa bulo, sai hannunsa ya yi sama kamar ya ɗauki burodi.

Ya sa aka kira Lorne ofis. Wendell yana nan, Twyla tana tsaye a bakin ƙofa. Sajan ya ajiye safar a kan tebur.

"An samu!" in ji Wendell. "Ina ta ɓoye shi?"

"Yi shiru, Wendell. Lorne, kai za ka cire safar ko ni?"

Sajan ya zare ta da kansa. A ƙarƙashinta soso ne, irin na naɗe bututun ruwa, an naɗa shi an ɗaure da baƙin salatif har ya yi kauri. Ya ɓare soson. Madubin da ya fito siriri ne, irin na Twyla sak.

"Ba wanda ya saci babban madubi," in ji Sajan, "don bai shigo filin nan ba tun farkon kakar wasa ta bana. Hotunan baranda sun nuna. Murfin ya nuna, don mutum zai iya yi wa madubi ƙiba da soso, amma bakinsa ba ya ƙaruwa. Ka yi alkawarin ara mata a gaban mutane. Da ta ɗaga shi sau ɗaya, ta gane. Sai ka kai shi inda safar ulu ba ta jan ido, da niyyar ka ɗauka bayan wasa. Ina na gaskiyar?"

Lorne ya buɗe baki. Muryar da ta cika fili ɗazu, yanzu sai ka matso za ka ji ta.

"Na ba da shi a wani kanti a birnin Saskatoon, suka ba ni wannan. Hannun ne. Zango ɗaya nake yi ya fara rawa. A wasan farko na bana sai da ya kusa suɓuce mini."

"To meye abin ɓoyo?" in ji Wendell. "Kowa yana tsufa."

"Kai ba ka zauna a teburin kofi ka ce duk mai riƙe ƙaramin nan ba mai hoto ba ne. Ni na faɗa. Kullum." Ya goge baki. "Na ɗauka zan ce ya ɓace, ta ce ayya, shi ke nan. Ban san za ka kira ɗan sanda ba."

"Amma da na zo ka ga ni ne," in ji Sajan. "Na tambaye ka wa ka gani. Kana zaune aka karɓi katinta. Kana zaune na zazzage motar mace a gaban gari, har kujerar ɗanta. Ƙarar ƙarya laifi ne, Lorne, kuma sai na rubuta. Ni ma nawa yana ciki, da na fara da motarta kafin jakarka."

Wendell ya laluba aljihu ya ciro katin. Ya miƙa wa Twyla yana kallon bango.

"Ba nan ka karɓa ba," in ji ta.

Sai da suka fita har layin kofi. An tashi daga wasa, barandar a cike. Wendell ya ba ta katin a nan, ya ce kuskure ne, da muryar da rabi ba su ji ba. Sajan ya maimaita da ƙarfi: ba sata, ba ɓarawo, Twyla Beaudry ba ta taɓa kayan kowa ba. Wani daga 'yan teburin kofi ya tambaya, to ina madubin?

Lorne ne ya amsa. Ya fito daga ofis da siririn a hannu, ba safa, ba soso. Ya ɗaga shi.

"Ga shi. Da shi nake aiki tun kaka."

Ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi masa sauƙi. Suka shiga gyara huluna suna neman ƙofa.

Twyla ta rataya katinta. Ta zo wucewa ta gabansa, sai ya ce, "Yarinya."

"Sunana Twyla."

"Twyla. Ban da abin cewa."

"Akwai. Abu ɗaya na zo tambaya ɗazu, ba ka amsa ba. In sayi babban ko in zauna da nawa?"

Ya dubi madubin da ke hannunsa, hannun yana rawa.

"A filin nan, da fitilun nan? Sayi babban. Ki riƙe shi muddin kafaɗa ta yarda. Ranar da ta ƙi, ki ajiye a gaban kowa."

Ta gyaɗa kai, ta wuce. Ba ta ce ta yafe ba, shi ma bai nema ba.

Ranar wasan ƙarshe Sajan yana bakin ƙofa kamar kullum. Twyla tana tagar hagu. Lorne yana ta dama da siririn madubinsa tsirara. Jar safar kuwa a hannun damansa take, ya sa ta kamar safar hannu.