Ginshiƙi Ɗaya Daga Naka Gidan

Ɗan kwangilar nan, in ya ga tsohon gini, kansa har ciwo yake. A bayan gari akwai wata 'yar unguwa mai gidaje masu kaurin bango da ƙofofin katako da aka sassaƙa tun zamanin kakanni. Shi shaguna yake hangowa a wurin. Ya taɓa kayar da gida ɗaya da ƙarfin tsiya, sauran mutanen suka ce ko gawarsu ba za ta tashi ba.

Sai ya nufi wurin boka. Ɗakin ƙarnin jini yake, tsofaffin makullai na reto daga rufi, ga ƙwarya lulluɓe da jan ƙyalle. Boka ya sa shi ya durƙusa a kan wata tsohuwar ƙofa da aka shimfiɗa a ƙasa.

"So nake su sayar, su watse," in ji ɗan kwangila.

"Za su watse. Amma duk gidan da ka kayar, zan ɗauki ginshiƙi ɗaya daga naka gidan."

Dariya ta kusa ƙwace masa. Mutumin da siminti ke jibge a ɗakin ajiyarsa? "Ɗauki har goma, ranka ya daɗe!"

Kafin wata ya mutu, masu taurin kai suka fara sallamawa kamar an ja su da igiya. Katafila ta shiga, arziki ya zauna. Ranar da aka kayar da gidan tela, yayan ɗan kwangila da ya rene shi ya faɗi matacce. Aka kayar da gidan mai gyaran agogo, matar ɗan kwangila ta fara kankare bango da farce tana dariya. Da gida na uku ya faɗi, babban ɗansa ya kwanta bai tashi ba.

Ya loda ginshiƙin siminti a mota, ya koma wurin boka yana kuka. "Ga abinka! Ka bar mini sauran yarana!"

"Wa ya ce maka na siminti? Ba kai ke kiran yaron nan ginshiƙin gidanka ba?" Boka ya nuna ƙasa. "Ƙofar da kake durƙushe a kai, ta gidan ubana ce, wanda ka fara kayarwa yana ciki. Gida nawa katafilarka ta ci yau?"

Ni ban ji tausayinsa ba. Yana nan yana yawo tsakanin shagunan da ba mai haya, yana rungumar ginshiƙai yana kiransu da sunayen 'ya'yansa. Kai mai haɗama, kafin ka kayar da gidan wani, je ka dubi waɗanda ke riƙe da naka.