Masunci Mai Gaggawa da Dutsen Ƙarƙashin Teku

A can da, a wani ƙauyen bakin teku, kifi ya ɓace, yunwa ta shigo. Wata tsohuwa ta kira wani masunci mai gaggawa, ta miƙa masa ma'aunin zafi ɗaure da doguwar igiya.

Ta ce, "Ɗana, akwai dutse a ƙarƙashin teku. Idan teku ta cika, ruwan sanyi kan hawo ta jikinsa, kifi na biye. Nemo mana sanyin nan."

Ya tuƙa kwalekwale, ya jefa ma'auni, ya fizgo. "Ɗumi!" Ya matsa gaba, ya jefa, ya fizgo. "Ɗumi!" Ya sake jefawa, sai igiya ta maƙale a dutse. Ya zaro wuƙa zai yanke, ya tuna ƙauyen ba shi da wani ma'aunin. Ya mayar da wuƙa, ya zauna yana tsaki.

Can teku ta cika, igiya ta kuɓuce. Ya jawo, ya duba. Sanyi ƙalau! Ashe ma'auni sai ya daɗe a ƙasa yake kama sanyi. Ga kifi ko'ina yana tsalle!

Ya dawo yana ihu, "Ku kawo taru!"

Tsohuwa ta ce, "Yaya ka yi, ɗana?"

Ya ce, "Wallahi Iya, zama kawai na yi."