Huda Ɗaya a Rufin Sadakinta

Shumaila ta biya ta garejin mijinta a hanyarta ta dawowa daga kwalejin da take koyarwa, sai ta tarar da zanen farin alli mai kusurwa huɗu a saman rufin Foksi.

Foksi ita ce tsohuwar motarsu Bitil, koriya, ƙirar 1974. A jikin bango kuwa an jingine wata tagar gilashi ta rufin mota, da robarta da tiyonta na zubar da ruwa, har yanzu da ɗigon fentin motar da aka ciro ta.

"Wannan fa?"

Tauqeer ya fito daga ƙarƙashin wata mota yana goge hannu. Bai yarda sun haɗa ido ba.

"Malama, har an tashi? Zauna a kawo miki shayi."

"Tambayarka na yi."

Da ƙyar ya tattaro maganar. Ya ce a kasuwar Bilal Ganj ya samo ta wajen masu farfasa tsofaffin motoci, daga jikin wata motar Japan da ta yi hatsari. Ya ce bikin Ambreen saura kwana tara, kuma tana so angonta ya zo ɗaukarta a tsohuwar motar nan, yana tsaye ta rufi ana watsa masa furanni. Ita ta gaya wa mahaifiyarta, mahaifiyarta ta gaya wa Ammi, mahaifiyar Tauqeer, Ammi kuma ta ce a yi.

Ambreen 'yar ƙanwar Ammi ce. Tun suna yara dangi suka ce ita ce matar Tauqeer, har ranar da ta buɗe baki ta ce ba za ta zauna da mai baƙin mai a farce ba. Shumaila kuwa da digirinta biyu ta aure shi, yayyenta suna fushi, ƙawayenta suna dariya a bayan mayafi. Ranar ɗaurin aure ba shi da abin da zai bayar, sai aka rubuta motar mahaifinsa marigayi a takardar aure a matsayin sadakinta.

Shekara huɗu kenan. Ta jure zaman gidan suruka. Ta jure jin Ammi tana yabon girkin Ambreen a gabanta. Ko rediyo ta ce a canja wa motar nan, sai Tauqeer ya ce tsohuwar mota ba a taɓa jikinta, wuri ɗaya ka yanka ta tashi daga ta asali har abada.

"Ashe ana yankawa," in ji ta a hankali. "Ya danganta da bakin da ya roƙa."

"Haba rabin raina, ba haka ba ne. Ammi ce..."

"Ammi ce ta je Bilal Ganj? Ammi ce ta hau sama da alli?"

Ya sunkuyar da kai. Can ya ɗago kamar wanda ya hango mafita.

"Motarki ce ai. Ki ce a'a kawai, in je in gaya musu kin hana. Magana ta ƙare."

Nan ne abin ya fi yi mata zafi. Wato ita za ta zama muguwar suruka mai baƙin ciki da bikin dangi, shi kuma ya fita da farin kaya, Ambreen ta ci gaba da yarda cewa da don shi ne da ya yanka.

"Ba zan hana ba," ta ce. "Yanka."

Ta gyara mayafinta ta fita, ba ta jira shayin ba.

Kwana biyu ba ta sake ɗaga maganar ba. Ta dafa wake da shinkafa, ta gasa gurasa, ta duba takardun ɗalibai. Da Ambreen ta zo nuna kayan lefe, ta dafa kafaɗarta tana cewa Bhabhi, matar yayana, kin kyauta, ai na san yaya Tauqeer ba ya iya ce min a'a, Shumaila murmushi ta yi ta ƙara mata shayi. Sai da ta shiga banɗaki ta saki famfo, sannan ta yi kukanta.

Rana ta uku, Asabar, da hantsi ta kasa zama. Ta hau babur mai ƙafa uku zuwa gareji, tana gaya wa kanta kallo kawai za ta yi.

Tun daga bakin ƙofa ta ji ƙarar injin huda ƙarfe. Ta yi sauri ta shiga.

Ƙarar ta tsaya. Tauqeer yana tsaye a kan benci, injin a hannunsa, ya ƙura wa rufin ido. A kusurwar zanen akwai huda guda ɗaya, ba ta fi ƙwayar wake ba, ta nan ne zarto zai shiga. Garin ƙarfe yana walƙiya a kan koren fenti.

"Ci gaba mana, Ustad," ta ce, tana kiransa yadda ake kiran babban makanike. "Saura kusurwa uku."

Ya juyo. Idanunsa sun yi ja.

"Shumaila, ki ce in bari."

"Ba zan ce ba."

"Don Allah..."

"Tambaya ɗaya zan yi maka, kuma kada ka amsa min da baki. Har yanzu kana so Ambreen ta ga ka isa?"

Ya sake duban hudar. Sannan ya sauko, ya zare wayar injin daga bango, ya ciro wayarsa daga aljihu ya kira Ammi, ya buɗe muryar yadda Shumaila za ta ji. Ammi ta ɗauka tana tambayar ko an gama.

Ya gaishe ta cikin ladabi. Ya ce tagar tana nan, zai saka wa duk motar da angon ya kawo, da hannunsa, amma ban da Foksi. Ammi ta fara faɗa. Ta ce ai ta sani, wannan mai ilimin ce ta hure masa kunne.

"A'a, Ammi. Ita cewa ta yi in yanka. Ni ne na ƙi."

Faɗan ya ci gaba, ya saurara har ƙarshe kansa a sunkuye, bai janye ko kalma ɗaya ba. Shumaila ta juya baya tana kallon bango, hawaye na sauka, ba ta share ba.

Da ya kashe wayar ya matso kusa da ita. Ya ce zai toshe hudar da walda, ya goge, ya feshe ta da fenti, ko shi kansa ba zai sake gane wurin ba.

Ta juyo ta dube shi sosai, ta kama hannunsa mai baƙin mai ta riƙe.

"Ka toshe, kada ruwa ya shiga," ta ce. "Amma ban da fenti. Ina so ka riƙa ganin wurin."